Ƙasar da ta zuba dukiyar shugabanninta a intanet: yadda aka buɗe rajistar, aka rufe, aka sake buɗewa

Wannan labarin wata ƙasa ce a gabashin Turai mai mutum sama da miliyan 40 a lokacin da abin ya fara. Ba zan kama sunanta ba don ba sunan ne abin dubawa ba, duk da na san mai bin labaran duniya kafin ya kai rabi zai gane ta. Matsalarta dai ita ce wadda kowa ya sani, mutum yana kan kujera albashinsa a rubuce yake a doka, amma gidan da yake kwana da motar da yake hawa da makarantar da ƴaƴansa suke ko ya shekara ɗari yana tara albashin nan ba zai iya biya ba, kuma babu wata hanya da talaka zai bi ya ɗora lissafin biyu a gefen juna ya ce to ga giɓin nan.

Kafin 2014: fom a takarda, takarda a durowa

Ba wai babu dokar bayyana kadara ba ne, akwai ta. Duk shekara ma'aikacin gwamnati zai cike fom da biro ya kai ofishin kula da ma'aikata na wurin da yake aiki, a sa a fayil a rufe. Na manya-manya doka ta ce a wallafa, wasu su wallafa wasu su yi shiru, wanda ya wallafa ɗin ma sau da yawa hoton takarda ne da rubutun hannu wanda da ƙyar ake karantawa. Fom ɗin bai tambayi tsabar kuɗin da ke gida yadda ya kamata ba, bai tambayi wane ne ainihin mai kamfani a bayan sunan da aka yi rajista da shi ba, sannan babu wata hukuma guda da aikinta kenan ta zauna ta gwada abin da aka rubuta da abin da ke ƙasa. Wato wanda zai karɓi fom ɗin minista ma'aikaci ne da ke ƙarƙashin ministan.

Ƙasar tana cikin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yaƙi da cin hanci ta 2003, wadda sashe na 8 nata ya yi maganar jami'ai su riƙa bayyana kadarorinsu, sashe na 20 kuma ya yi maganar mayar da azurta kai ba tare da bayani ba ya zama laifi. A takarda duk an amince.

Fabrairu zuwa Oktoba 2014

A ƙarshen Fabrairu 2014, bayan wata uku ana zanga-zanga a babban birnin, shugaban ƙasar ya gudu. Washegari mutane suka shiga gidansa da ke wajen gari a bakin ruwa, fili ne mai faɗin kusan hekta 140, suka tarar da filin wasan golf da gidan namun daji har da jiminai da garejin tsofaffin motoci masu tsada da wani gidan cin abinci da aka gina da siffar jirgin ruwa. Kafin masu gidan su tafi sun watsa takardun lissafi a cikin ruwa, ƴan jarida da masu ninƙaya suka tsamo su suka shanya shafi-shafi suka ɗauki hoto suka sa a intanet. Takardun nan ne suka nuna cewa mafi yawan wurin ba da sunan shugaban yake ba, da sunan wasu kamfanoni da ƙungiyoyi yake, shi ya sa a fom ɗinsa abin da ya fito ɗan kaɗan ne.

Ranar 14 ga Oktoba 2014 majalisa ta zartar da dokoki biyu. Ɗaya ta kafa hukumar bincike ta musamman kan manyan jami'ai, ɗayar ta kafa hukumar rigakafi wadda za ta riƙe rajistar kadara ta intanet. Abin da sabon fom ɗin ya ƙunsa ya wuce na da nesa ba kusa ba: gidaje da filaye har ginin da ba a gama ba, motoci, kayan alfarma irin su agogo da zinare da zane-zane idan sun wuce wani ƙima, kuɗin banki, tsabar kuɗi, kyaututtuka, bashi, kamfanonin da mutum shi ne mai cin moriyarsu ko da ba sunansa a kai, da kuma kadarar da yake amfani da ita ko da ta wani ce. Mata ko miji da ƴaƴan da ke gida duk suna ciki. Idan babban jami'i ya yi wata babbar sayayya yana da kwana 10 ya sanar. Kuma kowa zai iya buɗewa ya karanta kyauta ba tare da ya nemi izini ba, abin da aka ɓoye kawai lambar shaida da ranar haihuwa da cikakken adireshi. Wanda ya yi ƙarya da gangan a kan kuɗi mai yawa zai iya shan ɗauri har shekara 2.

2015 zuwa Satumba 2016: jan ƙafa

Doka ta fito amma hukumar da za ta aiwatar ba ta samu isassun mambobin da za ta fara zama ba sai a Maris 2016, an kwashe sama da shekara ana rigima kan waɗanda za su zaɓi mambobin. A tsakanin nan wasu ƴan sa-kai ba su jira ba, suka riƙa tattara tsofaffin fom na takarda suna bugawa da hannu a kwamfuta suna zubawa a wani shafi nasu da za a iya bincika suna.

Manhajar rajistar, hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNDP, ce ta taimaka aka gina da kuɗin Denmark. An sa ranar 15 ga Agusta 2016 a matsayin ranar farawa, ana saura ƴan kwanaki sai hukumar gwamnati mai ba da takardar shaidar tsaron bayanai ta ce manhajar ba ta cika sharuɗa ba. Muhimmancin takardar nan shi ne idan babu ita duk abin da aka cike ba zai zama hujja a kotu ba, kenan mutum zai iya shirga ƙaryarsa ya kwana lafiya. A lokacin ƙasar tana jiran abu biyu daga waje, kason bashi daga asusun ba da lamuni na duniya, wato IMF, da kuma izinin shiga ƙasashen Tarayyar Turai ba tare da biza ba, kuma duka biyun an ɗaura su da rajistar nan. Masu ba da kuɗi suka nuna ba su yarda ba, ƙungiyoyin farar hula suka yi ca, cikin mako biyu takardar da aka ce ba za ta samu ba ta samu, aka buɗe ranar 1 ga Satumba 2016.

Oktoba 2016: abin da aka gani

Wa'adin manyan jami'ai 30 ga Oktoba ne. Shafin ya yi ta tsayawa saboda yawancinsu sun bari sai kwanakin ƙarshe, amma dai fom sama da dubu 100 suka shiga. Firaminista na lokacin ya rubuta cewa shi da matarsa suna da tsabar dala miliyan 1.2 da yuro dubu 460 a hannu, ban da tarin agoguna masu tsada. Shugaban ƙasa, wanda dama ɗan kasuwa ne tun kafin mulki, ya lissafa kamfanoni sama da 100. Wani ɗan majalisa ya rubuta coci a cikin kadararsa, wani magajin gari ya rubuta tikitin zuwa sararin samaniya, wasu dubban kwalaben giya, wasu makamai na tarihi. Wannan fa a ƙasar da matsakaicin albashi a lokacin bai wuce wajen dala 200 a wata ba.

Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne tsabar kuɗin. Waɗanda ke tsaye a talabijin suna cewa jama'a su amince da bankuna, su nasu a gida yake a dala. Sai dai tun a lokacin wasu masu sharhi sun ja hankali cewa ba lallai kuɗin suna nan duka ba, tunda babu wanda zai zo ya ƙirga, mutum zai iya rubuta miliyan biyu alhali dubu ɗari biyu gare shi, don idan ya sayi gida bayan shekara uku ya ce ai ga shi nan na rubuta tun 2016. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ranar 11 ga Yuni 2017 izinin shiga Turai ba biza ya fara aiki.

2017 zuwa 2018: bayani ya taru, mai dubawa babu

A 2017 aka faɗaɗa abin zuwa kusan duk ma'aikata da kansiloli, wajen mutum miliyan ɗaya. Shafin ya sake durƙushewa a ƙarshen Maris har sai da aka ɗaga wa'adi daga 1 ga Afrilu zuwa 1 ga Mayu. A watan Maris ɗin dai majalisa ta yi wa dokar kwaskwarima ta ce su ma ƴan fafutukar yaƙi da cin hanci, waɗanda ba ma'aikatan gwamnati ba ne ba kuma kuɗin gwamnati suke ci ba, dole su cike fom ɗin. Da yawa sun ɗauki wannan a matsayin ramuwar gayya. Sai a Yuni 2019 kotun tsarin mulki ta soke wannan ƙari.

Hukumar rigakafi kuwa, mai mambobi biyar a doka waɗanda sai sun yi ƙuri'a kafin a yanke komai, ta shiga rikicin cikin gida. Ba ta da hanyar shiga rajistar filaye da ta motoci da ta haraji kai tsaye ta kwamfuta, sai dai ta rubuta wasiƙa ta jira amsa, don haka fom ɗin da ta kammala bincikawa a shekarar 2017 ko dubu ɗaya ba su kai ba cikin wannan tulin. A Nuwamba 2017 shugabar sashen binciken fom ɗin ta fito fili ta yi zargin cewa ana murɗe sakamakon bincike kuma ana karɓar umarni daga sama. Hukumar ta musanta. Hukumar bincike ta musamman ta buɗe fayil, sai babban mai gabatar da ƙara ya ɗauke shi daga hannunta ya miƙa wa hukumar tsaron cikin gida, daga nan maganar ta shiririce. Manhajar da za ta riƙa gwada fom da sauran rajistoci da kanta ba ta fara aiki ba sai wajen ƙarshen 2018 zuwa farkon 2019, shekara biyu da wani abu bayan buɗe rajistar.

A duk tsawon lokacin nan waɗanda suka fi amfani da bayanan ƴan jarida ne. Su ɗauki fom ɗin alƙali, su tura ƙaramin jirgi mai kyamara saman gidan da yake kwana, su nemo sunan wanda ke kan takardar gidan, sai a ga surukarsa ce mai cin fansho.

2019: an soke, an gyara

Ranar 26 ga Fabrairu 2019 kotun tsarin mulki, bisa ƙarar da ƴan majalisa 59 suka shigar, ta soke sashen da ya mayar da azurta kai ba bayani laifi. Hujjarta ita ce sashen yana ɗora wa wanda ake zargi nauyin wanke kansa alhali doka ta ce mai zargi ne zai kawo hujja. Hukumar bincike ta rufe shari'o'i 65.

Bayan zaɓen shekarar da zuwan sabuwar majalisa, abu uku suka faru cikin ƴan watanni. Kotu ta musamman kan manyan laifukan cin hanci, wadda ƙwararru daga waje suka sa hannu wajen tace alƙalanta, ta fara zama ranar 5 ga Satumba. A Oktoba aka rushe shugabancin hukumar rigakafi aka mayar da shi hannun mutum ɗaya wanda kwamitin mutum shida zai zaɓa, uku daga cikinsu abokan hulɗa na waje ne suka kawo su, sabon shugaban ya kama aiki a Janairu 2020. Ranar 31 ga Oktoba aka dawo da laifin azurta kai da sabon rubutu, aka kuma ƙara wata hanya ta ƙwace kadara ta shari'ar farar hula, wato ba sai an ɗaure mutum ba, idan ya kasa nuna inda kuɗin suka fito gwamnati ta karɓe. Amma dokar ta shafi abin da aka mallaka bayan ta fara aiki ne kawai.

Oktoba 2020 zuwa 2021

Ranar 27 ga Oktoba 2020, kwana biyu bayan zaɓen ƙananan hukumomi, kotun tsarin mulkin dai ta sake yanke hukunci kan ƙarar ƴan majalisa 47. Wannan karon ta soke hukuncin yin ƙarya a fom, ta kuma ƙwace ikon hukumar rigakafi na bincikar fom da na barin rajistar a buɗe, tana cewa hakan katsalandan ne ga ƴancin alƙalai. Hukumar ta ce wasu daga cikin alƙalan da suka zauna kan shari'ar su ma ana duba nasu fom ɗin a lokacin, kuma ƴan jarida suka bankaɗo wani fili da shugaban kotun ya saya a 2018 bai rubuta ba. Washegari aka rufe rajistar. Mutane suka taru a ƙofar kotun, gwamnati ta ba da umarni a buɗe, cikin kwana biyu shafin ya dawo. Shugaban ƙasa ya kai ƙudurin korar alƙalan kotun gaba ɗaya, wanda shi ma ya saɓa wa tsarin mulki, bai wuce ba. Shari'o'in ƙarya a fom sama da 100 suka mutu.

A Disamba 2020 majalisa ta dawo da ikon hukumar da kuma hukuncin, amma ba ɗauri sai tara da makamantansu, sai a ƙarshen Yuni 2021 aka dawo da ɗaurin bayan matsin lamba. A Agusta 2021 kotun musamman ta yi ƙwacen farko ta hanyar farar hula, kuɗin ƙasar miliyan 1.25, wajen dala dubu 45, daga hannun wani ɗan majalisa da ya rubuta cewa kuɗin hayar wani rami ne da ake zuba tukar amfanin gona a ciki. Kotu ta ce kuɗin ba su da tushe. A shekarar ne kuma aka ga jami'ai sun rubuta kuɗin intanet na bitcoin sama da dubu 46 a fom ɗinsu, wanda shi ma kamar tsabar kuɗin ne, ka rubuta abin da ka ga dama.

Fabrairu 2022 zuwa Disamba 2023

Ranar 24 ga Fabrairu 2022 babbar maƙwabciyarta ta afka mata da yaƙi. Aka rufe rajistar saboda tsaro, aka kuma ɗage wajabcin cike fom, wanda ya so ya cike wanda bai so ba ya bari. A farko kusan babu wanda ya yi gardama, tunda bayanin gidan jami'i da iyalinsa a hannun abokin gaba haɗari ne na gaske. Amma da aka shekara sai labarai suka fara fitowa, wanda ya fi tayar da ƙura shi ne na wani shugaban ofishin ɗaukar sojoji na yanki da ƴan jarida suka gano iyalinsa sun sayi katafaren gida a Sifaniya ana tsakiyar yaƙin. A Agusta 2023 aka sallami shugabannin irin ofisoshin nan na yankuna gaba ɗaya.

Ƙasar ta zama ƴar takarar shiga Tarayyar Turai a Yuni 2022, a Maris 2023 kuma ta samu shirin bashin dala biliyan 15.6 daga IMF wanda dawo da bayyana kadara yana cikin sharuɗansa. Ranar 5 ga Satumba 2023 majalisa ta amince a dawo da cike fom amma rajistar ta ci gaba da zama a rufe na shekara guda. Aka buɗe takardar koke a shafin fadar shugaban ƙasa, sa hannu dubu 25 da ake buƙata ya cika cikin sa'o'i kaɗan, daga baya ya haura dubu 80. Ranar 12 ga Satumba shugaban ya ƙi sa hannu ya mayar musu, ranar 20 ga wata ƴan majalisa 341 suka amince a buɗe. An ware sojojin da ke fagen daga da wasu masu aiki a wurare masu haɗari, nasu bayanin zai zauna a ɓoye. Ranar 10 ga Disamba 2023 rajistar ta dawo idon jama'a, aka kuma ba jami'ai zuwa 31 ga Janairu 2024 su cike na shekarun da suka tsallake.

Me ya yi aiki, me bai yi ba

A ganina abin da ya riƙe tsarin nan da rai shi ne an buɗe shi ga kowa tun ranar farko. Da a ce fom ɗin yana zuwa hannun hukuma ne kawai ta kulle, to a 2017 da hukumar ta kwanta shikenan an binne maganar ba wanda zai sani. Amma mutane sun riga sun ga agogo sun ga dala, sun saba idan aka naɗa sabon minista su buɗe waya su duba me yake da shi, shi ya sa rufewar 2020 ba ta wuce kwana biyu ba, yunƙurin 2023 kuma ya mutu cikin mako biyu. Na biyu shi ne matsin masu ba da kuɗi, kuma ba abin alfahari ba ne amma gaskiya ce, duba kwanakin nan da kyau za ka ga kusan duk wani mataki na gaba ya faɗo ne dab da lokacin da ake jiran kuɗi ko biza. Ƴan majalisa da yawa ba son dokar suke ba, su ne ma suka riƙa kai ta kotu. Sai dai matsin waje shi kaɗai bai isa ba, a Satumba 2023 majalisar ta dawo da cike fom ɗin da masu kuɗi suke nema ta bar rajistar a kulle, ƴan ƙasa ne suka yi tsaye har aka buɗe ƙofar.

Inda aka faɗi kuwa shi ne bincike da hukunci. An faɗaɗa zuwa mutum miliyan ɗaya alhali hukumar ko dubu ba ta iya dubawa, ni da na ga an tsaya kan ƴan dubban da ke riƙe da kuɗi da shari'a da kwangila tukuna an haɗa manhajar da rajistar filaye da haraji kafin a faɗaɗa. Shugabancin mutum biyar ya sa babu wanda za a kama a ce kai ne ka ƙi aiki, sai da aka mayar da shi mutum ɗaya abubuwa suka motsa. Sannan an manta cewa alƙalan da za su yanke hukunci kan dokar su ma dokar ta hau kansu, mai kaza a aljihu kuwa ba ya jimirin as. Ƙwace kadara ta hanyar farar hula, wadda ta zo a makare a 2019, ita ce ta fi dacewa da irin bayanin da fom ke bayarwa, don giɓi tsakanin samu da mallaka abu ne da lissafi ke nunawa, amma tabbatar da cewa mutum ya yi ƙarya da gangan a shari'ar laifi wani dogon aiki ne da lauya mai kyau zai ja shi shekaru.

Ramukan da suka rage kuma sanannu ne: kadarar da ke sunan uwa ko suruka ko tsohuwar matar da aka saka a takarda ana tare a gida, da tsabar kuɗin nan na 2016 da ba wanda ya ƙirga wanda har yanzu mai shi zai iya jingina da shi. Su kuma shari'o'in nan 65 na 2019 da sama da 100 na 2020, duk da an dawo da dokokin biyu, ba a iya sake buɗe su ba saboda dokar hukunci ba ta komawa baya, masu su sun tafi da abinsu.